Kwandon Albasar da Na Ƙi Karɓa

Bara da bazara, lokacin da mangwaro ya nuna, ina kishingiɗe a zaure na ji Sani yana gaya wa ƙanensa cewa ranar da ƙasa ta rufe idona zai sare itatuwan nan tara ya dasa albasa a wurin. Wai bai ga dalilin da zai sa mutanen da ba su da ko taki ɗaya a garinmu su zo da kamiyo, babbar motar kaya, duk shekara su kwashe ƴaƴan itacen da ke tsaye cikin garkar ubansa ba. Ya ɗauka barci nake yi. Ba barci nake ba, tsufa ne ya koya mini rufe ido in bar kunne a buɗe. Ban tanka masa ba, don na san in na buɗe baki faɗa za mu yi, ni da shi zuciyarmu iri ɗaya ce, a kusa take. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, ku duka, da waɗanda ke Konni da wadda ke aure a Malbaza. Kai Sani kana wajen cin rani a shekarar da maganar garkar ta kai gaban maigari, ƙannenka kuma sun ji labarin guntu-guntu, don ban taɓa son ba da shi cikakke ba. Za ku ga dalili, ubanku ba shi ne gwanin labarin nan ba.

Kun san garkarmu da ke cikin kwarin nan ƙasa da Badaguishiri, kun kuma san rijiyar da ke kusurwarta ta gabas, inda garka huɗu suka haɗa kai. Kakannin gida huɗu suka gina ta tare, namu na cikinsu. Kowane gida yana da ranarsa ta ruwa, kwana ɗaya cikin huɗu, in bakinta ya zube mu huɗu muke gyarawa, ƴar hanyar da ke kai wa gare ta ma ba wanda ya isa ya dasa ko tattasai a kanta. Kowa garkarsa tasa ce, ya shuka abin da ya ga dama, amma rijiya da hanya ba su da ubangida ɗaya. Da haka muka tashi muka gani. Babana mutum ne mai ƙarancin magana, amma in aka zo kan fili sai bakinsa ya buɗe. Wata rana muna gyaran fangali, kwamin da muke dasa albasa, ya dogara da hauyarsa ya ce da ni:

"Ada, hili na shiga hannun mutum ta ƙohwa huɗu: gado, saye, kyauta, aro. Ukkun hwarko in ya shiga ya shiga ke nan. Na aro ɗai ka komowa, shi ma sai an bar mai hanya. Wanda ka ara ma hili ba shi dasa icce, ba shi gina rijiya, kuma duk shekara shi kawo maka shaida, ko dami guda na, ko kwando guda. Ba don yunwa kaka amsa ba. Don gari shi gani."

Na ce na ji. Na kuwa ji, har na iya maimaita shi kamar karatun allo. Riƙewa ce ban yi ba.

Sarjan Saini jandarma ne da aka kawo aiki Ilela, Bazabarme daga can yamma. Ranar wata kasuwa ya tare ni a hanya ina kan amalanke da buhunan albasa, ya dubi tsagar fuskata, ya gane kakana daga Gobir ya taso. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Zabarmawa. Ya ɗaure fuska ya ce in ba shi takardun jakin. Na ce ya tambaye shi da kansa, ai ɗan'uwansa ne, yarensu ɗaya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, tun daga ranar ba mu rabu ba. Bai taɓa kirana da sunana ba, Bagobiri yake ce mini, ni ma Bazabarme nake ce masa. Da ya ajiye aiki sai ya ƙi komawa garinsu, ya kama gida kusa da namu da matarsa Hamsatu da ƴaƴansu, ya ce ruwan kwarin nan ya riƙe masa ƙafa. Ya roƙe ni ɗan wurin da zai motsa jikinsa. A lokacin kuna ƙanana, garka ta fi ƙarfina ni kaɗai. Muka je gaban maigari da goro, na ara masa rabin gabas, wanda ke jikin rijiya, wanda kuma ya fi kowane ɓangare ƙasa mai kyau.

Shekara biyu yana kawo kwandon shaida yadda ya kamata. Yakan ɗauro shi bayan moto, wato babur, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya tsaya ƙofar gida ya ƙame ya sara mini, ya ce ya kawo wa talakansa sadaka. A shekara ta uku kakarku ta kwanta ciwo ina kan hanyar fatauci. Saini ne ya kai ta asibiti, ya zauna bakin gadonta kwana uku, ya ba ta jininsa, har na dawo na same ta tana shan kunu. Da aka cire albasa a wannan shekara sai ya zo da kwandonsa ranar Juma'a, ya tare ni ƙofar masallaci ana fitowa. Kunya ta kama ni. Amma tunda na ce gaskiya zan rubuta, ba kunya kaɗai ba ce, akwai son a gani a ciki. Na ɗaga murya yadda na bayan sahu zai ji, na ce:

"Wanga kwando hwa? Kai da ka ba uwata jininka za ka riƙa kawo min albasa awa wani baƙo? Mai da abinka. Daga yau in na sake ganin kwandonga ƙohwar gidana, sai na kai ka ƙara wurin jandarma."

Mutane suka yi dariya, wasu suka ce Ada ɗan halak ne. Na ji kaina ya yi girma har rawanina ya matse ni. Baba Tanko kaɗai, dattijon da garkarsa ke arewa da rijiya, ya matso ya ce a hankali:

"Ada, ka san abin da kay yi?"

Na ce na sani sarai. Da shekara ta kewayo na ƙara da wani. Saini yana yawan kukan rana, wai garkar Bagobiri ba ta da inuwar da mutum zai sha shayi. Na je Konni na sayo dashen mangwaro tara, mai aure, na ba shi da hannuna, har na riƙe masa yana turo ƙasa. Na dawo gida ina ba innarku Habsu labari ina jiran yabo. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, icce ka ba shi?"

"Icce na ba shi."

"To, saura ka gina mai rijiya, ka miƙa mai makullin rumbu."

"Habsu, Saini ba shi cin amana."

"Saini ba shi ci. Amma Saini na mutuwa, kai ma haka. Wa za shi tsaya shi ce aro na?"

Na ce mata maganar fili ba ta mata ba ce. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan "to" ɗin na innarku kun san shi. Ni a lokacin na ɗauka na ci nasara.

Aka yi girbin albasa goma sha huɗu, in an haɗa da na shekarar da na mai da kwando. Mangwaro ya girma ya haɗe kai, muka sha shayi a ƙarƙashinsa har ba iyaka, muna zagin kakannin juna. Saini ya mai da rijiyar nan kamar barikinsa. Shi ya rubuta ranakun ruwa da fenti a jikin siminti, kuma ko ni na zo ɗiba ranar da ba tamu ba sai ya kore ni. Sai ciwo na kwana biyar ya ɗauke shi. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Ban taɓa rashin da ya bar mini gari fayau kamar nasa ba, har yau in na ga abin dariya a kasuwa nakan juya in nemi wanda zan gaya wa. Da Hamsatu ta fita takaba, danginta suka zo suka tafi da ita da yaran can yamma. Rabin garkar ya kwana shekara guda ba a dasa komai ba, don na kasa sa hauya a inda ya bari. Itatuwan kawai nake ba ruwa.

Ranar da na ce bari in daure in fara gyara, bayan ɗaukewar damina, na iske turaku huɗu na siminti an shafa musu jan fenti, an kafa su kewaye da rabin gabas, ɗaya ma a bayan rijiya. Wani mutum na zaune kan moto cikin inuwar mangwaro, da baƙin tabarau da takalma masu ƙyalli. Ya ce sunansa Ɗan Ladi, dillalin filaye ne, kuma in daina taka masa wuri. Ya zaro takarda cikin leda, rubutun Faransanci, da hatimi har uku, ya ce marigayi Sarjan ya sayar masa da garkar kafin ya rasu, waya zai kewaye ta da ita ya sa injin ruwa. Ni boko na yaƙi da jahilci na yi, Hausa kawai nake karantawa. Na dubi hatimin nan uku na mayar masa da takardarsa. Abin da na sani ɗaya ne, in na daɗe a wurin zan fasa masa tabarau, don haka na juya na nufi gidan maigari.

Aka zauna a zauren maigari bayan kwana biyu. Masu rijiya duk sun zo, liman ya zo, aka kira daraktan lakwal, shugaban makarantar boko, ya karanta takardar ya juya mana ita da Hausa. Ɗan Ladi ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shigo yana gaishe-gaishe kamar ɗan gari. Darakta ya karanta cewa Saini ya sayar da garkarsa, da itatuwan mangwaro tara, da rijiyar da ke cikinta. Baba Tanko, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake tashi, ya kai hannu bayan kunne.

"Darakta, koma baya kaɗan. Da mi?"

"Da rijiyar da ke cikinta, Baba."

"Wace rijiya?"

Ɗan Ladi ya ce ai rijiya ɗaya ce a wurin. Baba Tanko ya gyara zama.

"Yaro, rubu'in rijiyag ga nawa na, ban kuwa tuna na saida ba. Ko cikin barci niy yi?"

Sauran masu rijiya biyu suka ce su ma ba su tuna ba. Zaure ya ɗauki dariya. Maigari ya jira aka lafa, sannan ya ce duk garin nan ba wanda ya kai Saini sanin cewa rijiyar ta gida huɗu ce, tunda rubutun hannunsa na nan jikinta, mutumin da ke korar abokinsa don ya zo ɗiba ba ranarsa ba ba zai sa hannu a kan wannan magana ba. Ya sa aka karanto sunayen shaidu. Mutum biyu ne, ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya. Ya ce a ƙasar nan ba a sayar da fili maƙwabtan iyaka ba su tsaya a kai ba, kuma gobe zai aika da takardar zuwa buro, ofishin hukuma, a duba hatiman. Ɗan Ladi ya ce ba komai, bari ya ɗauko salularsa a moto ya kira shaidun. Muna zaune muka ji moto ya tashi, ƙararsa tana nisa har ta ɓace ta wajen hanyar Konni. Daga baya buro suka aiko cewa hatiman ba nasu ba ne, sassaƙa su aka yi. Takalman kuwa ya bar su a bakin ƙofa, aka kai su masallaci, an daɗe ana zagayawa da su.

Na miƙe ina godiya, ina jin kamar in yi rawa. Maigari ya ɗaga hannu.

"Zamna, Ada. Takarda ta mutu, magana ba ta mutu ba. Garkag ga ta wa ta?"

Na ce ai tawa ce, gadon ubana, a gabansa na ba da aronta. Ya ce ya tuna. Sai Baba Tanko, wanda yanzun nan ya cece ni, ya sake buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, ina ƙohwar masallaci ranar da Ada yam mai da kwando, gari duk ya gani. Icce kuwa da hannu nai ya ba da shi anka dasa. Hilin da babu shaida, ga icce tara bisa nai, ni ban san sunan da za a ba shi ba in ba kyauta ba. Saini ya bar marayu. In kyauta ta, hakkin marayu na, mu kuwa ba mu cin shi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karo. Ko kalma ɗaya bai ƙara ba a kan abin da na aikata. Maigari ya ce a kira Hamsatu a waya ta zo, a sake zama bayan kasuwa.

Wannan mako ban san ɗanɗanon tuwo ba. Rabin gabas shi ne zuciyar garkar, can babana ya fi zuba gumi, ku kuma ga ku kun taso kuna buƙatar wurin noma. In na yi shiru na zubar da gadonku saboda yabon rana ɗaya. In na yi jayayya kuma, da marayun Saini zan yi ta, yaran da na yi wa huɗuba a kunne. Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma ji haushin kaina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne innarku. Ko a jikinta. Tana ta share ɗakin da za a sauki Hamsatu, tana ƴan waƙe-waƙenta, ta turo mini akushi.

"Ci tuwonka, Malam."

"Habsu, garkar Baba za ta tahi."

"Ai maganar hili ba ta mata ba ta. Ci tuwonka kar shi huce."

Hamsatu ta iso ranar kasuwa da babban ɗansu Bubakar, ya zama saurayi, tsayin uban sak. Ta gaishe ni da ladabi, muka yi wa marigayi addu'a, sannan suka shige ɗaki da innarku. Ina tsakar gida ina jin dariyarsu. Na ce a raina yau na ga ikon Allah, ana shirin raba ni da garka a cikin gidana ana shewa.

Washegari zaure ya cika har waje, mata suna daga bayan zana. Maigari ya maimaita yadda magana ta tsaya: an yi aro a gabansa, amma an dasa icce, shaida kuma ta yanke shekara goma sha huɗu. Ya ce ko akwai mai abin faɗi kafin a ji ta bakin Hamsatu. Sai na ji muryar da na fi sani a duniya daga bayan zana.

"Ranka shi daɗe, a tambayi uwargidanka albasar da taka sa maka ga miya duk bayan girbi, daga ina taka hitowa."

Maigari ya ce a tambaye ta. Aka kira uwargidan, ta matso jikin zana ta ce:

"Habsu ka kawowa, duk shekara, ba ta taɓa hwashi ba. In ta aje sai ta ce, ga shaidar garkarmu da ke hannun Sarjan. Ta ce in riƙe maganar ko da za a tambaya."

Matar liman ta ce ita ma haka, kalma ɗaya ba ta canza ba. Ashe washegarin ranar da na yi bajintata a ƙofar masallaci, kwandon nan ya shigo gidana ta ƙofar baya a kan Hamsatu. Innarku ta raba shi uku, kashi ɗaya gidan maigari, ɗaya gidan liman, ɗaya tukunyarmu. Haka suka yi ta yi duk shekara ina zaune a zaure ina hura hanci. Na sha gaya wa Saini a kan akushina cewa ya ɗanɗana ya ji yadda albasar Bagobiri ta fi tasa zaƙi, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce lalle haka ne. Tasa nake ci.

Maigari ya shafa gemu ya ce ashe shekara goma sha huɗu yana cin shaida bai sani ba. Aka yi dariya har liman yana share hawaye. Amma da aka natsu ya ce da saura. Mata suna aika wa juna albasa kullum, wannan ba baƙon abu ba ne. Wadda ta ɗauko kwandon ce kaɗai za ta faɗi da wane suna ta kawo shi. Ya juya wajen zana.

"Hamsatu, ki yi tunani kahin ki amsa. In kin ce alheri na tsakaninki da ƙawarki, garka ta ɗiyanki ta, ba mai amshe ta. In kin ce shaida ta, kin tashi hannu wohi."

Na dubi Bubakar, yana duban ƙasa. Na san halin da suke ciki a can, ba su da gona sai ta dangi. Hamsatu ba ta ɗauki lokaci ba.

"Shaida ta, ranka shi daɗe. Sarjan da kai nai yac ce in riƙa kai ma Habsu. Yac ce abokina Bagobiri na da kirki amma ba shi da wayo, in mun bi ta tashi, wata rana ɗiyanmu za su tsaya gaban maigari suna hwaɗa. Aro munka yi, aro kuma za mu mayas."

Na sunkuyar da kai na yi kuka a gaban gari, ban ji kunyar yin sa ba. Mutumin nan ya zage ni daga cikin kabari, kuma zagin ya fi duk yabon da aka taɓa yi mini daɗi. Shi da mata biyu sun tsare mini gadon ubana shekara da shekaru, suka bar ni da girmana ban sani ba.

Maigari ya yanke cewa garka tawa ce. A nan ya kamata in yi godiya in tashi, amma na kasa. Na ce ƙasa na karɓa, itatuwa kuwa ba zan iya ba. Saini ya ja musu ruwa da guga tun suna kamar tsinke, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya san kowanne da halinsa. Na ce ƴaƴansa su ci mangwaron muddin yana tsaye. Baba Tanko ya ce ka ji shi ko, ya koma gidan jiya. Ƙanena da ke zaune kusa da ni ya ja mini riga. Sai innarku ta sake magana daga bayan zana.

"Ku bar shi shi yi kirki nai, ba a raba shi da shi. Amma wanga karo a rubuta."

Aka kuwa rubuta. Muka je gaban kwamitin gonaki mu duka, da maigari, da masu rijiya, da Hamsatu da Bubakar, aka taka iyakoki, aka yi takarda ta gaskiya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Abin da ke cikinta ga shi, don kada wani ya ce bai sani ba. Ƙasa ta gidanmu ce. Itatuwa tara na magadan Saini ne har ranar da suka faɗi da kansu, ba mai sare su, wanda ya mutu kuma ba a dasa wani a gurbinsa, kuma ba su da ikon sayar da su ga kowa. Rijiya da hanyarta na gida huɗu ne kamar da, mangwaro yana sha cikin ranarmu. Duk shekara in sun zo ɗiba za su kawo kwando ɗaya na shaida. Takardarmu tana cikin akwatin ƙarfen innarku, ƙarƙashin zannuwanta.

Ba zan ce muku abin bai ci mana komai ba. Inuwar nan ta cinye kusan sulusin rabin gabas, albasa ba ta yin kai a ƙarƙashinta sai ganye, gabu kawai, busasshen ganyen albasa na miya, muke samu a wurin. A shekarun da abinci ya yi wuya na sha tsayawa ina kallon kamiyo yana fita da mangwaro ina haɗiye miyau, Sani bai faɗi abin da ban taɓa ji a zuciyata ba. Ƙanena ya yi wata uku ba ya cin abinci a gidana. Gari kuma ya liƙa mini suna Mai-da-kwando, har jikokin Baba Tanko da shi suka san ni. Innarku kuwa ta samu abin riƙewa na sauran rayuwarta. Duk lokacin da na fara wata babbar magana a gida, ko ta aure ce ko ta sayen tunkiya, sai ta ce a hankali, "Malam, in kira matar maigari?" Sai in sauko.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Bazarar farko bayan ta tafi, Bubakar ya zo da kwandon mangwaro, yanzu shi ma magidanci ne. Ya bi ta ƙofar baya yadda ya saba ganin uwarsa tana yi, ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, ya rasa wanda zai miƙa wa. Na fito na ce ya koma ya zagayo ta ƙofar gaba. Ya zagayo, na sa hannu biyu na karɓa a gaban duk wanda ke wucewa. Na raba shi uku yadda take yi. Jikoki suka ce su kai, na hana. Na ɗora a kaina da tsufana, na bi ta tsakiyar gari, mutane suna cewa yau ga Mai-da-kwando ɗauke da kwando. Na ajiye a ƙofar maigari na faɗi maganarta, na je ƙofar liman na sake faɗi.

Sani, gatarin nan ka bar shi inda yake. In ba na nan, kwandon zai zo, kai za ka karɓa, da hannu biyu, a ƙofar gaba. Ka raba shi uku ka ɗauka da kanka. In ka ajiye ka ce ga shaidar garkarmu, ka kuma ɗaga murya yadda na bayan sahu zai ji. Ubanka ya taɓa ɗaga tasa a wurin da bai kamata ba, uwarka ce ta gyara.